Ki riƙa zuwa, ko da ba ki da abin faɗa

'Yata, kin ce maƙwabciyarki ta rasa ɗanta, ta daina zuwa sujada, tana cewa Allah ya manta da ita, ke kuma kin rasa me za ki ce mata.

Da maigidana ya rasu, gidanmu a Wusasa cike yake maƙil har mako guda, kowa da ayarsa a baki. Romawa 8:28 kam, ayar da ta ce kome yana aiki tare domin alherin masu ƙaunar Allah, na ji ta har na ƙoshi. Gaskiya ce, ban musa ba, amma a kwanakin nan ji nake kamar ana barbaɗa mini barkono a gyambo. Da aka tashi makoki sai gida ya yi tsit. A nan ne ainihin ciwon ya soma.

Wata dattijuwa 'yar Zumuntar Mata ce ba ta ɗauke ƙafa ba. Kowace Alhamis sai ga ta da kwanon fate, ta shimfiɗa tabarma tana ɓarar gyaɗa. Ran da na ce mata na yi fushi da Allah, cewa ta yi in ci tukuna kada ya huce. Sai da aka yi wata uku kafin ta ce mu yi addu'a, ita ma gajeruwa.

Abokan Ayuba kwana bakwai suka yi zaune a ƙasa tare da shi, ba wanda ya ce uffan. Da suka fara nemo masa laifin da ya jawo masifar ne suka ɓata rawarsu da tsalle, har Ubangiji ya tsawata musu a Littafin Ayuba sura 42. Iliya ma da ya roƙi mutuwa a 1 Sarakuna 19, abinci da ruwa mala'ika ya fara ba shi.

Kada ki ce wa maƙwabciyarki in tana bukatar wani abu ta kira ki. Wanda zuciyarsa ta karye ba ya kira. In za ki kasuwar Sabon Gari ki haɗo da cefanenta. Ki ambaci sunan yaron, kada ki ji tsoro, so take a tuna da shi.

Amma fa in ta fara cewa gara ta bi shi, ko ta daina ci da barci, kada a bar ta ita kaɗai. Ki sanar da danginta da fasto a ranar, ku raka ta asibitin koyarwa da ke Shika ta ga likitan ƙwaƙwalwa. Ni ma na sha magani na ɗan lokaci, kuma dattijuwar nan ce ta biya mana kuɗin mota.