Me ya haɗa hukumar wuta da wurin shaƙatawa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ɗana da ke karatu a Amurka ya turo mini hoto suna kamun kifi a wani tafki, ya ce wai na hukumar wutar lantarki ne. Me ya haɗa mai ba da wuta da wurin shaƙatawa?
Daga wata mai karatu

Amsa: Ruwa ne ya haɗa su, Hajiya. Duk wanda ya datse kogi don juya injin lantarki, sai tafki ya taru a bayan madatsar, kuma inda tafki yake ba a rasa mai ƙugiya da mai kwale-kwale.

Bari in kawo miki misalin TVA, wato hukumar kula da kwarin Kogin Tennessee a Amurka, wadda Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar kafa ta a 1933. Tana ba da wuta a sassan jihohi 7, amma tun farko har da hana ambaliya a kwarin Kogin Tennessee da buɗe wa jiragen ruwa hanya aka ɗora mata. Madatsar Norris ce ta farko da ta fara ginawa, aka kammala a 1936. Dubban iyalai aka tasa, har kaburbura aka kwashe, abin da hoton ɗanki ba zai nuna ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne yawan ruwan da za a bari a tafkin. Masu wuta suna so a sake shi lokacin da buƙata ta hauhawa. Garuruwan da ke jan ruwan famfo ba sa so ya janye ya bar bakin bututunsu a waje. 'Yan shaƙatawa kuwa so suke ya cika maƙil. Sai TVA take cika tafkunan rassan kogin zuwa farkon Yuni, in zafi ya wuce ta rage, don ruwan saman da ake yi a can da hunturu ya sami mazauni. Wanda ya je a Janairu zai tarar da laka a gaɓa ya ɗauka fari aka yi.

Na Kogin Ocoee, wanda shi ma madatsunsa ke hannun TVA, ya fi burge ni. Ana karkatar da ruwansa zuwa injina, sai a wasu ranaku da aka tsara a sakar wa masu kwale-kwale, a haƙura da wutar da zai bayar. A can aka yi tseren kwale-kwale na Olamfik a 1996.

Ki ja wa ɗanki kunne, Hajiya: in yana ƙasan madatsa ya ji jiniya, ya fito nan take. Injin za a kunna, ruwan da ke gwiwa kan iya shanye mutum cikin 'yan mintuna.