Tambayi Likita: Shin baƙar magana na iya kwantar da mutum ciwo?

Wani malamin firamare daga Funtuwa ya rubuto: “Likita, mu mun tashi ana ce mana zagi ba ya tsiro a jiki. Yanzu kuma an ce in ka kira yaro daƙiƙi ka cuce shi. Magana fa iska ce, ta ina za ta taɓa lafiya?”

Malam, a fata kam ba ya tsiro, amma ciki yake shiga. Da zarar kunne ya kai magana ƙwaƙwalwa, akwai wani ɗan sashe da ake kira amigdala wanda aikinsa gadin haɗari. A wurinsa, kare ya taso wa yaro da a kunyata shi gaban aji duk barazana ce. Sai saƙo ya tafi ga wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda, su saki sinadarin adirenalin cikin daƙiƙoƙi, kotizol kuma ya biyo baya, ya kai ƙololuwa cikin minti 20 zuwa 30. Zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau, baki ya bushe, hanji ya murɗa. In sau ɗaya ne, jiki kan koma daidai. Matsalar ita ce a ce kullum ne: barci ya lalace, abinci ya fita a rai, tunani ya kasa tsayawa wuri ɗaya.

An auna wannan. A 2003 Naomi Eisenberger da abokan aikinta a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane suna wasan jifan ƙwallo a kwamfuta, aka daina jefa musu da gangan. Wani sashe da ke motsawa idan mutum na jin zafin ciwo shi ya motsa. A Birtaniya kuma an bi yara sama da 7,000 da aka haifa a 1958, sakamakon ya fito a 2014: waɗanda aka tsangwama suna da shekara 7 da 11 sun fi sauran fama da ciwon damuwa da fargaba har cikin shekarun girma, alamar ba ta goge ba ko da suka kai 50.

Ba kowace tsawa ce ke illa ba. Abin da ke sa magana ta zama dafi shi ne maimaici, da matsayin mai faɗin ta, da idon jama'a, da rashin wurin gudu. Malami ya haɗa duka huɗun. Ka ce wa yaro “layi na uku bai yi ba, sake shi,” ka nuna masa abin gyara. Ka ce “kai daƙiƙi ne,” ka ba shi suna, ba abin da zai gyara. Yaron da ke cikin fargaba kuma ba ya riƙe karatu, gobe zai ƙara faɗuwa, kai kuma ka ɗauka zatonka ne ya tabbata. Ka san aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana jifan juna da miyagun laƙabobi, ba ta kuma ware yara ba.

Wata uwa daga Zariya ta ce: “Ɗana mai shekara 9 ya daina fitsarin kwance tun yana 4, yanzu ya dawo da shi. Kullum da safe sai ya ce cikinsa na ciwo, amma Asabar da Lahadi lafiya lau. Ƙanwarsa ta ce 'yan ajinsu na kwaikwayon in'inarsa.”

Hajiya, ciwon cikin nan ba ƙarya yake yi ba. Hanji na da jijiyoyi masu yawa da ke amsa tsoro, shi ya sa ciwon ke zuwa ranakun makaranta ya ɓace ƙarshen mako. Amma fitsarin kwance da ya dawo bayan yaro ya yi wata 6 ko fiye ba ya yi, dole a fara da gwaji. A kai shi asibiti a duba fitsarinsa don ƙwayoyin cuta da suga, a tambayi yadda yake bayan gida, domin taurin bayan gida na danne mafitsara. In yana wanka a rafi ko kina ganin jini a ƙarshen fitsari, a duba tsargiya. Yawan ƙishirwa da rama kuwa, kada a kwana ba a auna suga ba.

A gida, a rage masa ruwa awa ɗaya zuwa biyu kafin barci, ban da shayi da dare, ya yi fitsari kafin ya kwanta. Kada a shanya katifarsa a tsakar gida ana nunawa, kada kowa ya yi masa waƙar amalala. Wannan zuba gishiri ne a gyambo.

Wajen tambaya, in kika ce “me ya faru?” zai ce ba komai. Ki bari kuna cikin wani aiki tare, ki ce “da wa kake zama in an fita tara?” ko “wa ya fi surutu a ajinku?” In ya buɗe baki, kada ki ce “kai ma ka rama,” kada ki ce “namiji ba ya kuka.” Ki rubuta rana da abin da aka faɗa da wurin da aka faɗa na mako guda, ki kai wa shugaban makaranta, ku sa ranar da za ki dawo jin abin da aka yi. Idan yana magana kuma, ki saurare shi har ya dire, kada ki ƙarasa masa kalma. Gaggawa ke ƙara in'ina.

Wata matar aure daga Maraɗi ta ce: “Shekara 4 da aure ban haihu ba. Uwar mijina da kishiyata kullum habaici, suna ce mini juya. Ba na barci, ƙirjina na dukan uku-uku. Ina tsoron kada in haɗiyi zuciya.”

'Yar'uwa, Allah ya kawo miki sauƙi. Abin da Bahaushe ke kira haɗiyar zuciya yana da makamanci a likitance. Likitocin Japan sun bayyana shi a 1990, suka kira shi takotsubo: mummunan tashin hankali ya sa tsokar zuciya ta raunana farat ɗaya. Ba kasafai yake faruwa ba, ya fi kama matan da suka daina al'ada, kuma yawanci ana warkewa cikin makonni. Duk da haka, ciwon ƙirji mai danna, ko sarƙewar numfashi, ko suma, asibiti ake zuwa nan take.

Abin da ya fi kusa da ke shi ne hawan jini da ciwon damuwa. Ki auna jininki safe da yamma na kwana 7, bayan kin zauna minti 5, hannu a ɗore daidai ƙirji. In awon gida yana kai 135 bisa 85 ko sama, ki kai wa likita takardar. A duba miki ƙarancin jini da maƙoƙo, su ma suna sa faɗuwar gaba. In kin yi mako 2 cikin ƙunci, abin da kike so a da ya fita ranki, wannan ciwo ne mai magani. Kada ki sayi ƙwayar barci a kemis, tana kama jiki cikin 'yan makonni, ta bar damuwar inda take.

Batun haihuwa kuwa, a kusan rabin ma'auratan da ke jira akwai matsala ta ɓangaren miji, kuma haihuwar da ya yi a baya ba ta hana a sake gwada shi. Gwajin maniyyi ya fi naki sauƙi da araha. Ku tafi tare, ya ji daga bakin likita, domin shi ne zai iya tsawatar wa gidansa.

Wata ɗaliba 'yar shekara 16 ta rubuto: “An yaɗa hotona a zauren WhatsApp na ajinmu ana ta zagina. Wani lokaci ina jin gara in mutu.”

'Yata, na ji daɗi da kika faɗa, kuma ba laifinki ba ne. Yau ɗin nan, ba gobe ba, ki gaya wa babba ɗaya da kika yarda da shi, mama ko yaya ko malama, da kalmomin da kika rubuto mini. Ki ɗauki hoton saƙonnin kafin a goge, sannan ki fita daga zauren, kada ki mayar da martani, wayar kuma ta kwana a ɗakin mama.

Ku iyaye, tambayar yaro kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta saka masa tunanin, sauƙi take kawo masa. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kulle maganin ƙwari da na ɓera da ƙwayoyin gida, a kai shi asibiti a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano. In sun yi nisa, babban asibiti mafi kusa zai duba shi ya ba da takardar turawa.