Kafin ka dasa ash marar iri a ƙofar gidan mutane

Ɗana, ka ce wani mai gida a nan Minesota ta Amurka yana son bishiyar ash marar iri, wato wadda ba ta yin 'ya'ya, kana tambaya ko Marshall's Seedless ya fi Patmore. Duk kanwar ja ce. Ash kamar dabino yake, da namiji da mace. Waɗannan biyun maza ne, aure ake yi musu a kan saiwar wani, irin na mangwaro. Duk tohon da ya fito ƙasa da gaɓar auren ka datse shi, don yana iya zama mace ya cika wa mutum fili da iri. Rami da ban ruwa kuwa, in sai na koya maka, ka nemi wata sana'a.

Ku yaran yanzu sunan iri kuke haddacewa a waya, ba kwa duba ɓawo. Da cuta ta cinye itatuwan elm, garuruwan Amurka suka cika tituna da ash, layi guda iri guda, don yana jure sanyi da gishirin da ake zubawa a hanya don narkar da ƙanƙara. A 2002 aka gano wani koren ƙwaro daga Asiya kusa da Detroit, 2009 ya iso Saint Paul, babban birnin Minesota. Tsutsarsa tana cin ƙarƙashin ɓawo a karkace, ta toshe hanyar ruwa. Saman bishiya ya fara bushewa, maƙwaƙwafi ya yi ta fasa ɓawo, ga ƙananan ramukan da ƙwaron ke fitowa ta ciki masu siffar D, kamar milimita 3 zuwa 4. Cikin 'yan shekaru bishiyar da aka rena shekara talatin ta mutu, ga kuɗin sarewa. Har yau abin yana ƙona min rai. Ƙwaron bai damu da namiji ko mace ba.

Magani akwai: allurar maganin ƙwari mai suna emamectin benzoate a gindin bishiyar duk shekara biyu, muddin bishiyar tana raye. Mai gida zai ce ya yarda, allura ta biyu ya ƙi biya, ranar da ta bushe ya ce kai ka sayar masa da mai ciwo. Ya sa hannu a takarda tukuna.

In ya nace, ba ta fili, tana kai mita 15, kuma ka bar mata kai ɗaya tun tana ƙarama, don rassanta biyu-biyu suke fitowa, su tsage da iska. Ni dai hackberry zan kai masa, wata bishiya ce da ƙwaron nan ba ya ci.