Zafin salansa yana gasa mini ƙafa a kan babban babur: in cire indomin da ke ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi babban babur na tafiya mai nisa, na hannu, ƙirar 2012, mai silinda biyu wanda iska ke sanyaya injinsa. A kan hanyar Kaduna zuwa Kano ba na jin komai, amma da zarar na shiga cunkoson cikin gari sai zafi ya taso ta ɓangaren dama har ya hana ni sakewa, kuma uwargida ma tana kuka da shi idan na goya ta. Bakanikena ya ce indomin da ke cikin salansa ne, a bar shi ya fasa ya cire. Shin in yarda?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, bakanikenka ya gano wani ɓangare na gaskiya, amma maganin da ya kawo ba shi ne na farko da ya kamata a gwada ba, kuma ni ba zan ba ka shawarar yarda da shi ba.

Abin da kanikawa ke kira indomi matatar hayaƙi ce da aka gina kamar saƙar zuma, mai ƙananan ramuka masu yawan gaske, an shafe bangonsu da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, faladiyam da rodiyam. Idan hayaƙi ya ratsa ta, waɗannan ƙarafa suna sa ragowar fetur da bai ƙone ba da iskar kabon monoksaid mai guba su ƙarasa ƙonewa, su koma tururin ruwa da kabon dayoksaid. Wato ƙonewa ce ta biyu ake yi a cikin bututun, kuma kowace ƙonewa tana haifar da zafi. Matatar ba ta fara aiki sosai sai ta kai wajen digiri 250 zuwa 300 a ma'aunin Salshiyas, kuma a lokacin tafiya cikinta yakan zauna tsakanin digiri 400 da 800. Saboda haka masu ƙera babura da gangan suke ajiye ta kusa da injin domin ta yi saurin ɗaukar zafi. A babura irin naka, wurin da bututun silinda biyu ke haɗuwa ne ake sanya ta, kuma wurin yana gefen dama, daf da inda ƙafarka take da inda wanda ka goya ke ɗora tasa. A mota ana ɓoye ta a ƙarƙashin jiki da faranti a tsakani, amma a babur tazarar da ke tsakaninta da idon sawunka ba ta wuce taƙi ɗaya ko biyu ba.

Sai dai ba ita kaɗai ke gasa ka ba, kuma wannan ne abin da masu gaggawar fasa salansa ba sa lura da shi. Tun da dokokin hayaƙi suka tsananta, daga Euro 3 a 2006 zuwa Euro 4 a 2016 da Euro 5 a 2020 a Turai, da makamantansu a Amurka, an daidaita injinan babura su riƙa shan fetur gwargwadon abin da zai ƙone daidai, wato kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur a bisa nauyi, kuma akwai sensa a jikin bututu da ke sanar da ƙwaƙwalwar babur, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, domin ta riƙe wannan ma'auni. Tsofaffin babura masu kafireta sun fi haka shan mai, kuma rarar man nan tana sanyaya kan silinda. Da aka janye ta, injin kansa ya ƙara zafi. Ga kuma silinda ta baya, idan injinka mai silinda gaba da baya ne, wadda ke ɓoye a bayan ta gaba, daidai ƙarƙashin cinyarka, iska ba ta isa gare ta yadda ya kamata. Ka haɗa wannan da manyan garkuwoyin iska da ake yi wa babur na tafiya mai nisa domin kare matuƙi daga sanyin Turai da Amurka, sannan ka tsaya da shi a cunkoson Kano a watan Afrilu lokacin da zafin gari ya haura digiri 40, za ka ga cewa ko babu matata ko ɗaya sai ka ji a jikinka. Kamfanonin ma sun san da matsalar. Kamfanin babura na Harley-Davidson ya sanya tsarin da ake kira EITMS, wanda ke yanke wa silinda ta baya fetur idan babur yana tsaye kuma injin ya yi zafi, sannan daga ƙirar 2014 ya fara sanyaya kawunan silinda da ruwa a wasu manyan baburansa.

Kafin a taɓa komai, sai a tantance ko zafin na al'ada ne ko na ciwo. Yadda ka bayyana shi, wato yana ɓacewa a kan babbar hanya ya dawo a cunkoso, ya fi kama da na al'ada, domin iskar tafiya ce ke kwashe shi. Idan bututun ya rine ya koma ruwan ɗorawa ko shuɗi kusa da injin, wannan ma ba abin tsoro ba ne. Abin da zai sa in damu shi ne ka ga wurin matatar yana yin ja da dare, ko ka ji wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, ko babur ya riƙa sarƙewa idan ka murɗa mai sosai, ko shan fetur ya ƙaru ba dalili, ko fitilar gargaɗin injin ta kama. Mafi yawan lokaci tushen irin wannan ba a cikin salansa yake ba. Fulogi da ya gaji ko kwail mai rauni yakan sa silinda ta tsallake wuta, ɗanyen fetur ya gangara cikin matatar ya ƙone a can, zafin ya haura digiri 1000, har saƙar ta narke ta toshe hanya. Haka nan idan iska tana satar shiga ta robar da ke tsakanin maƙogwaron injin da kan silinda, ko nozul ya toshe saboda gurɓataccen mai na 'yan bumburutu, cakuɗin yakan yi ƙarancin fetur, hayaƙin ya fito da zafi fiye da kima. Injin da ke shan baƙin mai kuma yana lulluɓe ƙarafan matatar a hankali har ta mutu. Wanda ya cire matata a irin wannan hali ya kawar da alamar ne kawai, ciwon yana nan yana cin bawul da fistin. Tunda baburin naka na hannu ne kuma ba ka san tarihinsa ba, ina roƙonka ka fara da sa a jona masa kwamfutar bincike, a duba fulogi, matatar iska, sensa da gaskit ɗin bakin salansa.

Ba zan ɓoye maka ba, cire matatar yana rage zafin da ke kusa da ƙafa zuwa wani mataki. Amma zafin silinda ta baya yana nan yadda yake, kuma akwai abin da za ka biya. Yadda hayaƙi ke fita zai sauya, alhali ƙwaƙwalwar babur an tsara ta ne da matatar a wurin, don haka sau da yawa sai an sake daidaita ta, in ba haka ba injin na iya ƙara zafi a maimakon raguwa. Matatar babur galibi ta ƙarfe ce da aka liƙe da jikin bututu saboda girgiza, ba ta farfashewa da sanda kamar ta tangaran da ke cikin motoci, sai an yanka an sake walda. Sannan hayaƙin da ba a tace ba, wanda iska ke murɗowa baya, uwargidanka ce za ta fi shaƙarsa. A Amurka da Turai cire ta daga abin hawa da ke bin titi laifi ne, kuma a 2016 Harley-Davidson ya amince ya biya tarar dala miliyan 12 a Amurka kan sayar da na'urorin sauya tsarin injin da ke ƙara hayaƙi.

Abin da na fi amincewa da shi shi ne a tare zafin kuma a ba iska hanya. A tabbatar garkuwar ƙarfen da ke rufe bututun tana nan cikakkiya, kuma akwai sarari tsakaninta da bututun, domin wannan sararin ne ke yin aikin. Ana iya liƙa mata shimfiɗar hana zafi ta ciki. Ana sayar da faranti da ake ɗaurawa a ƙarƙashin kujera domin kautar da zafin silinda ta baya daga cinya. Idan baburin yana da garkuwoyin ƙasa a gaban ƙafa, a buɗe tagoginsu ko a kwance su baki ɗaya har bazara ta wuce. Igiyar naɗe salansa kuwa ba na son ta, musamman a kan matatar kanta, domin tana tsare zafi a ciki kuma tana riƙe danshi da damina har ƙarfe ya yi tsatsa ko ya tsage. Idan cunkoso ya tsaya cak fiye da 'yan mintuna, kashe injin ya fi barinsa yana sulo. Ka duba littafin baburin ko yana da tsarin kashe silinda ta baya, domin wasu suna zuwa da shi a kashe sai an kunna.

Akwai abubuwa biyu na tsaro da ba na so su wuce ka. A babura da yawa masu wannan siffa, tukunyar man birkin baya da bututunsa suna gefen dama kusa da salansa, kuma man birki yana jan danshi da tsufa har ya riƙa tafasa da wuri, don haka a sauya shi duk shekara 2. Kuma matatar tana riƙe zafi na tsawon lokaci bayan an kashe injin, saboda haka kada ka ajiye babur a kan busasshiyar ciyawa ko karan dawa lokacin rani, kada ka lulluɓe shi da tamfol sai ya huce. Kai ka sa takalmi mai rufe idon sawu da wando mai kauri, uwargida kuma ta tattare zani da gefen hijabi kafin ta hau, domin yadin roba yana narkewa ya manne da fata idan ya taɓa wurin ko na ɗan lokaci ne.