Masu aikin gandu da rumfar bakin hanya: amsoshin wasiƙunku daga Sudan

Wasiƙun da suka iso mana a wannan wata daga 'yan'uwanmu Hausawan Sudan sun haɗu a kan magana guda, wato mutanen da ke aiki a gonar iyali da rumfar da ake sayar da amfaninta. Mun taƙaita wasiƙun, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda suka roƙa.

Tambaya daga wani matashi a Mai Wurno:

Assalamu alaikum, Malam. Shekaruna 28, kuma tun ina ɗan shekara 12 nake aiki a lambun mahaifinmu da ke bakin kogi, inda muke noma tumatir da albasa da kuɓewa da lalo. Ni ne mai ban ruwa, ni ne mai kwana a gona idan kaya suka nuna, ƙanwata kuma ita ke zama a rumfar da muka kafa a bakin hanyar Sinnar zuwa Sinja. Yayanmu yana Jidda, shi ne ya aiko da kuɗin da aka sayi injin ban ruwa. Duk abin da aka samu hannun Baba yake shiga, ni kuwa sai abinci da ɗinkin Sallah. Da na yi masa maganar aure sai ya ce in ƙara haƙuri, wai gonar tamu ce duka, kuma ɗa da dukiyarsa na ubansa ne. Shin idan na nemi a yanka mini wani abu na saɓa wa iyaye?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ba ka saɓa ba, muddin ka nema cikin ladabi, kuma abin da kake nema ba baƙo ba ne a al'adarmu. Kakannin da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, inda mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, sun iso bakin kogin Nilul Azraƙ ne da tsarin noman da suka gada, wato gandu. A gandu 'ya'ya maza suna yi wa maigida aiki, wannan gaskiya ne, amma shi ma maigida akwai abin da ya hau kansa. Shi ke ciyar da gida, shi ke samar da iri da kayan aiki, shi ke biyan haraji, kuma shi ke yi wa ɗa auren fari. Bayan wannan akwai gayauna, ɗan filin da ake yanka wa ɗa ya noma da yamma bayan an tashi daga gandu, ko a ranar da ba a fita aikin gida, kuma abin da ya fito daga gayauna nasa ne, ba mai tambayarsa. Abin da ke damuna a gidajenmu na yau shi ne an riƙe rabin tsarin da ke amfanar maigida, an saki rabin da ke amfanar ɗa, sannan ana kiran abin da ya saura da sunan al'ada.

Hadisin da mahaifinka ya kawo, cewa ɗa da dukiyarsa na ubansa ne, yana nan, Ibn Majah ya ruwaito shi, kuma babu ɗan kirki da zai bar ubansa cikin buƙata alhali yana da abin hannu. Sai dai mafi yawan malamai sun fahimce shi a kan wajabcin ciyar da uba da biya masa buƙatarsa, domin da dukiyar ɗa duka ta uba ce, da shari'a ba ta yanka wa uba sudusi ba idan ɗan ya rasu ya bar 'ya'ya.

Ka lura da wani abu da mutane ba sa so a faɗa sai bayan ya faru. Ranar da Allah Ya karɓi ran maigida, lambun nan zai zama gado, kuma za a raba shi bisa ƙa'idar shari'a, ba bisa yawan shekarun da kowa ya yi yana duƙe a cikinsa ba. Kai da yayanka na Jidda rabonku ɗaya. Shekarunka 16 na ban ruwa da kwanan gona ba za su shiga lissafi ba, sai fa idan an tanadi hakan tun maigida yana raye. Haka nan injin da yayanka ya saya: kyauta ce ya yi wa mahaifinku, ko rance, ko jari ya zuba yana jiran rabo? Idan ba a tambaye shi yau ba, gobe shi da kansa zai ba da amsar da ta fi masa daɗi, kuma babu shaidar da za ta ƙaryata shi. Gidaje da yawa sun watse a kan irin wannan, alhali babu mugu ko ɗaya a cikinsu, shiru ne kawai ya yi musu yawa.

Shawarata ita ce kada ka tayar da maganar a lokacin da kuɗin tumatir ke hannu, domin a lokacin kowace kalma tana kama da kwaɗayi. Ka bari sai ana shirin shuka, lokacin da ruwan kogi ya fara janyewa. Ka sami baffanka ko kawunka, ko limamin da mahaifinka ke jin nauyinsa, ya shige maka gaba. Ka nemi ɗaya daga abu biyu: ko a yanka maka wasu fangula a matsayin gayauna ka riƙa biyan kuɗin man da injin ya sha a kansu, ko a sa maka kaso sananne daga ribar kaka bayan an fitar da kuɗin iri da taki da mai da na 'yan ƙodago. Na fi son na biyu, saboda yana sa ka kula da lambun duka kamar naka. Kuma idan ka tashi magana kada ka manta da ƙanwarka. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi zama shaida lokacin da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya fifita shi da kyauta a kan sauran 'yan'uwansa, ya kuma umarci a yi adalci tsakanin 'ya'ya. Yarinyar da ke wuni a bakin kwalta cikin ƙura da rana ta fi kowa cancantar a ware mata wani abu da za ta tafi da shi ɗakin mijinta.

Tambaya daga wata uwargida a Kasala:

Malam, barka da aiki. Maigidana yana da lambu a sawagi, yankin lambunan Kasala, ni kuma shekara 7 ke nan ina riƙe da rumfar da ke ƙofar gidanmu, ina sayar da albasa da ayaba da lemo da ganye. Damuwata ita ce kowa na gida yana sa hannu a gwangwanin kuɗi, ƙannen miji su ɗauka, yara su ɗauka, dangi su ɗebi kaya su ce a rubuta, kuma ba mai rubutawa. Idan wata ya ƙare aka ga kuɗi bai cika ba, ni ake kallo. Yaya zan yi?

Amsa:

Hajiya, Allah Ya saka miki da alheri a kan wannan ɗawainiya. Abu na farko da nake so maigidanki ya ji shi ne, zaman rumfa ba ya cikin abin da aure ya ɗora miki. Malaman Malikiyya sun bambanta hidimar cikin gida da aka saba, da aikin da ake yi don neman kuɗi, kuma na biyun ba wajibi ba ne a kan mace. Abin da kike yi taimako ne, kuma mai taimako ba a saka masa da zargi. Idan kin nemi lada ko kaso, kin nemi halal.

Gyaran rumfar kuwa daga ƙofar lambu zai fara. Kwando nawa ya fito, buhu nawa aka sauke, a ƙirga a gabanki a rubuta kafin ki karɓa, domin wanda bai san abin da ya shigo ba, ba shi da bakin cewa wani abu ya ɓata. A cikin littafin a buɗe shafi na musamman don abin da ya lalace. Ayaba tana nuna ta yi baƙi, ganye yana yaushi kafin la'asar a zafin Kasala, albasa tana rage nauyi idan ta daɗe a ajiye, ga gyara da ake yi wa mai saye don ya dawo gobe. Duk wannan asara ce ta sana'a, kuma ina da yaƙinin cewa wani ɓangare na kuɗin da ake tuhumarki a kansa can ya tafi. Tumatir da kuɓewar da suka kusa wucewa a yanka a shanya, tunda busasshiyar kuɓewa, wadda maƙwabtanku ke kira weka, ba ta rasa mai saye a ƙasar nan.

Gwangwanin kuɗi hannu ɗaya ya kamata ya riƙa shiga cikinsa, wato naki. Kuɗin cefanen gida a fitar da shi da safe a rubuta. Idan masu saye suna biya ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, a tsayar da lamba guda da kuɗin rumfa zai riƙa shiga, kada yau a tura wa wannan ƙane gobe a tura wa wancan. Maganar dangi kuwa ba ke za ki yi ta ba, domin dangin miji ba sa karɓar irin wannan daga bakin matar gida. Shi maigida ya faɗa musu da kansa cewa ya ware kwando guda a mako don zumunci, wanda ya samu daga ciki kyauta ce, abin da ya wuce haka kuma ciniki ne.

Tambaya daga wani manomi a kusa da Wad Madani:

Malam, ina da hawasha, wato gonar ban ruwa a yankin noman Jazira, da na gada daga mahaifina, kuma akwai wani bawan Allah daga kambo, wato sansanin 'yan ƙodagon gona, da ya shekara 11 yana mana aiki, har yarana suna kiransa Baffa. Bayan mun dawo daga gudun hijira sai ya ce ba ya son a ci gaba da biyansa kuɗin yini, saboda kuɗin ba ya sayen abin da yake saye a da, yana so a ba shi kaso daga amfanin gona. Na yi tunanin in ba shi abin da ya fito a gefen da ke kusa da bakin ruwa. Hakan ya halatta?

Amsa:

Alhaji, muna yi muku barka da dawowa gida, Allah Ya mayar da abin da aka rasa. Mutumin nan yana da gaskiya, kuma na ji daɗi da ka ɗauki maganarsa da muhimmanci. Tun da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe noman Jazira, hannayen mazauna kambo ne ke tsinkar auduga da cire ciyawa da girbin dawa da gyaɗa, kuma cikin waɗanda suka fara wannan aiki akwai kakanninmu Hausawa da suka tsaya neman guzuri a hanyar Makka. Bahaushen da Allah Ya ba hawasha bai kamata ya manta da hakan ba.

Sai dai hanyar da ka zaɓa ita ce ainihin wadda aka hana. A hadisin Rafi'u ɗan Khadij, mutanen Madina sun kasance suna ba da ƙasa a kan cewa abin da ya fito a bakin magudanar ruwa ko a wani yanki na wane ne, sai wannan yanki ya yi kyau wancan ya lalace, ɗaya ya samu ɗaya ya tashi a tutar babu, shi ya sa aka hana. Kai ma ka san gefen da ke kusa da abu ishirin, wato ƙaramar magudanar da ke kai ruwa gonaki, yakan yi kyau a shekarar ƙarancin ruwa, ya kuma jiƙe ya ruɓe a shekarar da ruwa ya yi yawa. Kaso ana yanka shi ne daga jimillar abin da aka girbe, rabi ko sulusi ko rubu'i, kamar yadda aka yi da mutanen Khaibara a kan rabin amfani. Mazhabar Malikiyya tana da sharuɗɗa masu tsauri a kan wanda zai kawo iri da wanda zai kawo ƙasa, saboda haka ku je gaban malami ku biyun, ku faɗa masa abin da kowa zai kawo, a rubuta da shaidu biyu kafin a zuba iri.

Akwai abin da nake jin tsoro game da shi. Mai kaso ba ya ganin komai sai kaka, kuma yana da iyali da za su ci kafin nan. Idan ka bar shi haka, zai faɗa hannun 'yan kasuwar da ke ba da bashin shel, su saye rabonsa tun yana kore a farashin wulaƙanci. Ka ba shi rancen dawa mudu da mudu, a rubuta, ya mayar da kwatankwacinsa ranar sussuka ba tare da ƙari ba. Kuma tunda aikinsa na tsayuwa cikin ruwan magudana ne, ka kai shi a gwada shi ko yana da tsargiya, cutar da ta daɗe tana addabar masu ban ruwa a Jazira, ka kuma saya masa takalmin roba mai tsawo daga kuɗin gona.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Gadarif:

Malam, wasu ɗalibaina 'yan shekara 10 zuwa 13 suna zuwa aji da warin maganin ƙwari a jikinsu, sun ce su ke yi wa iyayensu feshi. Me zan ce wa iyayen?

Amsa:

Malama, ki faɗa musu kai tsaye cewa feshi ba aikin yaro ba ne. Maganin yana shiga jiki ta fata da numfashi, kuma jikin yaro ba ya ɗaukar abin da na babba ke ɗauka. Yaro yana iya koyon noma ta hanyar dashe da tsinkar kuɓewa da kasa kaya a rumfa bayan an tashi daga makaranta. Babban da zai yi feshin ya rufe hanci da hannu da ƙafa, ya juya wa iska baya, ya wanke jikinsa da sabulu kafin ya taɓa abinci. Kada a zuba ruwan sha ko mai a jarkar da magani ya ƙare, kuma a cika kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar kafin a tsinke kayan a kai rumfa. Idan yaro ya fara amai ko dalalar da miyau ko jiri bayan feshi, a cire masa tufafin, a wanke shi, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar maganin.