Yaya ake sarrafa hablar a condicional na Sifaniyanci?

Malam, ka tambayi yadda ake cewa "da na yi magana" da Sifaniyanci. Wannan kam mai sauƙi ne. Salon da ake kira condicional ke nan. Kada ka yanke komai daga hablar (yin magana), ɗauki kalmar gaba ɗaya ka liƙa mata wutsiya: hablaría (ni), hablarías (kai), hablaría (shi ko ita), hablaríamos (mu), hablaríais (ku), hablarían (su). Comer (ci) da vivir (rayuwa) ma haka suke, comería, viviría. Kula da 'yar karkatacciyar alamar da ke kan í, nan murya take sauka.

"Da ina da lokaci, da na yi magana da shi" shi ne si tuviera tiempo, hablaría con él. A ɓangaren sharaɗi da ke farawa da si irin wannan (si tuviera tiempo) kada ka sa irin su hablaría, nan ɗalibai suke yawan zamewa. Ana kuma roƙo da shi cikin ladabi: ¿me ayudarías?, wato "ko za ka taimake ni?"

Hablaríais galibi a Sifaniya ake amfani da shi. A Meziko da ustedes hablarían ake amfani idan ana nufin "ku".