Shayin rage ƙiba yana sa ni gudawa da faɗuwar gaba, shin kitse ne ke fita?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 36, nauyina kilo 94, kuma ina kan maganin hawan jini. Bara na yi keto, na bar tuwo da shinkafa da biredi, na rage kilo 6 a mako uku. Da na koma cin abincin gida sai ƙibar ta dawo har da ƙari. Yanzu wata biyu ke nan ina shan wani shayin rage tumbi da na saya a Instagram. Kullum sai na zaga sau huɗu ko biyar, da dare jijiyoyin ƙafata su ɗaure, gabana ya riƙa faɗuwa. Mai shayin ta ce in daure, kitse ne ke narkewa yana fita. Hankalina ya tashi. Wane tsarin abinci ne zai rage ni da sauri?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin mu zo kan abinci, ki ajiye shayin nan yau ɗin nan. Gobe ki je asibiti a gwada gishirin jininki, musamman sinadarin fotashiyam, a duba ƙoda da bugun zuciya. Ki tafi da kwalin shayin da maganin hawan jinin. Kada ki daina maganin da kanki. In kika ji jiri mai tsanani ko ciwon ƙirji, kada ki jira gari ya waye.

Maganar nan ta "kitse ne ke fita" na gaji da jin ta. Ƙarya ce, kuma ƙaryar da ke kwantar da mata a gadon asibiti. Kitse ba ya bin bayan gida. Idan jiki ya ƙona shi, mafi yawansa ta numfashi yake fita, saura ya zama ruwa. Abin da ke cikin yawancin irin wannan shayi filasko ne, wanda iyayenmu suka sani da wankin ciki, wani kuma a haɗa da mai sa fitsari. Filasko a babban hanji yake aiki, alhali ƙaramin hanji ya riga ya tsotse mai da sukarin abincin kafin ya iso can. To me kike zubarwa? Ruwan jikinki da gishirinsa. Ki hau sikeli ki ga kilo 2 sun tafi, ki yi murna, ki sha ruwa kwana biyu su dawo, kitsen kuwa yana nan inda yake.

Fotashiyam shi ne ke daidaita bugun zuciya da motsin tsoka. Ɗaurewar ƙafa da faɗuwar gaban da kika faɗa, alamun da muke tsoro ke nan idan ya yi ƙasa. Wasu magungunan hawan jini, waɗanda ke sa yawan fitsari, dama suna rage shi, sai ga gudawa ta wata biyu a kai. Ko a asibiti ba ma barin mutum ya wuce mako guda yana shan filasko ba tare da an sa masa ido ba. Mukan ga mace ta shigo leɓe a bushe, harshe fari, idanu sun faɗa, tana riƙe da kwali mai hoton siririyar Baturiya, babu jerin abin da aka haɗa, babu lambar NAFDAC, wani lokacin lambar ma ta bogi ce. An sha kama kayan rage ƙiba da ake kira "na gargajiya zalla" da sibutramine a ciki, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Wadda ta ce ki daure ba ta san awon jininki ba, kuma ranar da kika faɗi ba za ta ɗauki waya ba. Wallahi cin amana ne a karɓi kuɗin mace a sayar mata da gudawa.

Keto kuwa ba guba ba ce, tun shekarun 1920 ake amfani da ita wajen yara masu farfaɗiya. Sai dai kilo 6 ɗin nan na farko, kaso mai yawa ruwa ne da ke tafiya idan sukarin da hanta da tsoka suka adana ya ƙare. A wani bincike da aka fitar a 2018, masu bincike a Jami'ar Stanford sun bi mutum 609 shekara guda, wasu sun rage mai, wasu sun rage sitaci. Duk ɓangarorin biyu sun rage tsakanin kilo 5 da 6. Wato sunan tsarin ba shi ne abin dubawa ba, a duba wanda mutum zai iya riƙewa. Ke da ake tuƙa tuwo a gidanki kullum, shekara nawa za ki yi kina kallonsa?

Ki ci tuwonki, amma malmala ɗaya madaidaiciya, miyar kuka ko kuɓewa ta fi yawa, a rage man da ake kwararawa da dunƙulen magi. Rabin faranti ya zama ganye: zogale, rama, kabeji, yalo. Wake, alale, kifi, ƙwai, gero, dawa da acca duk naki ne. Inda za ki tsananta shi ne abin sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kimanin giram 50 a rana, kuma robar lemo ɗaya ta 50cl kan cinye kusan duka, ba a ma zo kan zoɓo da kunun aya da shayin safe ba. Gishiri kada ya kai giram 5 a rana, ƙaramin cokali ɗaya ke nan.

Idan likitanki ya tabbatar zuciya lafiya, ki fara tafiya mai ɗan sauri, minti 30, kwana 5 a mako. Ko zagayen tsakar gida bayan sallar asuba ya isa a fara. Rabin kilo a mako shi ne tafiyar da muke so. Wani babban bincike na Amurka da aka fitar a 2002 ya nuna masu haɗarin ciwon suga da aka ɗora kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin ya ragu da kashi 58. A nauyinki, kashi 7 bai kai kilo 7 ba.

Bayan kin bar shayin, ciki zai iya ɗaurewa na wasu kwanaki domin hanji ya saba da turi. Kada wannan ya mayar da ke gare shi. Ki yawaita ruwa da ganye da gwanda, in ya wuce kwana huɗu ki faɗa wa likitan. Allah ya ba ki lafiya.